Zagin da Kaka Ya Bar Mini Gado

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Kaka ya riga mu kama hanya. Ranar wata Laraba da hantsi ya tafi, yana zaune a kujerarsa ta roba a gindin darbejiyar tsakar gida, rediyo na ta surutu a cinyarsa. Umma ce ta kai masa kunu, ta yi ta magana bai amsa ba. Ta ce da farko ta ɗauka fushi yake yi da ita don jiya ta cika masa tsamiya.

Daga makaranta aka ɗauko ni. Kafin mu iso, layinmu na Gyadi-Gyadi ya cika babu masaka tsinke. 'Yan adaidaita sahu sun jera kekunansu tun daga bakin titi har ƙofar masallaci, rawaya bayan rawaya, kai ka ce motar lemo ce ta kife. Wani ƙaton Alhaji ya sauko daga motar da ta fi ɗakinmu girma, ya tsuguna gaban Baba yana kuka har da majina. Ya ce Malam ne ya koyar da shi a firamare, kuma har yau in zai rubuta "ƙarfi" sai kunnensa na hagu ya yi zafi, don a nan aka murɗa masa lanƙwasar harafin. Mai shayin bakin layi ya ce, "Yanzu wa zai riƙa gyara mini allo?" Shekara da shekaru yana rubuta "kwai", Kaka na zuwa da alli yana mayar masa da "ƙwai". Wannan bai gaji ba, wancan bai koya ba. Hajiya mai ƙosai tana zaune a tabarmar mata tana girgiza kai tana cewa, "Malam Mai Yare ya tafi da yarensa." Liman kuwa da ya zo yin addu'a ya ce shaidarsa gajeriya ce: mutumin kirki, mai gaskiya, ɗan sahun gaba, sai dai in ya tare ka da zancen yarensu bayan azahar, to ka riƙe alwalarka da kyau, domin a tsaye la'asar za ta same ku. Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska.

Ni ban yi kuka ba ranar, wani abu ne ya tsaya mini a rai. Da safen nan zan fita makaranta Kaka ya ce hijabina ya yi kama da buhun da aka manta a ruwan sama. Na juyo na zage shi da yarensu, kamar yadda muka saba kullum. Ya ce amin, kamar yadda shi ma ya saba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Baba ma akwai abin da ya tsaya masa, ban da rashin mahaifi. Tun da aka dawo daga maƙabarta yake kai-kawo a soro yana lissafin ranar addu'ar uku. Mutanen su Kaka, Tsirmawa, suna da al'ada. In nasu ya rasu a wani gari, ranar uku dattawa za su taso daga ƙauye su tsaya a bakin ƙofa, su yi wata tambaya da yarensu. Dole wani daga jinin mamacin ya amsa da yaren. In an amsa, su shigo su zauna su sha ruwa. In ba a amsa ba, su yi wa mamaci addu'a daga tsaye su juya, kuma daga ranar gidan ya fita daga lissafinsu: ba gayyatar suna, ba ta biki, ba sanarwar rasuwa. Wadda za ta jagoranci tafiyar kuwa Iya ce, ƙanwar Kaka, wadda aka ce harshenta na yanka ƙashi. Baba bai san tambayar ba, balle amsar. Duk Tsirmancinsa bai wuce "zo", "ci" da "ruwa" ba, su ɗin ma da karin Kananci. Ya kwashe littattafan Kaka ya bi su shafi-shafi, babu. Ya tambayi samarin Tsirmawa masu adaidaita, suka ce su ma ba su sani ba. Ɗaya da ya ɗan manyanta ya ce ya sani, amma ba a rubuta ta, ba a faɗarta cikin gida haka kawai, kuma ba a koyar da ita muddin tabarmar makoki na shimfiɗe.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan yaren nan, gidansa ne za a fara sharewa daga cikin masu yaren. Abin da ke gabanmu ke nan.

An haifi Kaka a Tsirma, wani ƙauye a bayan duwatsu ta wajen hanyar Bauchi, wanda a faɗarsa in ka yi atishawa a farkon gari na ƙarshen gari ne zai ce maka yarhamukallahu. Ya zo Kano kwalejin horon malamai, ya koyar a firamare a Tarauni har ya yi fansho. Abin dariyar shi ne Hausa ya koyar, kuma Hausar ce ke cinye yarensu. Ya fi Kanawa iya ta, yana kuma gaya musu haka a gaban idonsu. In an tsokane shi sai ya ce, "Hausa uwar riƙo ce, ta riƙe ni da kyau, ba ni da ƙorafi. Amma ban ga dalilin da zai sa in wuce wadda ta haife ni a hanya ban gaishe ta ba."

Da ya ajiye aiki sai ya kama rubutu. Ya yi littafin koyon karatu da Tsirmanci, ya yi na tatsuniyoyi, ya tattara waƙoƙin daka da na huɗa waɗanda ya ji a bakin mahaifiyarsa. A wani shago a kasuwar Tarauni ake buga masa, kuma na rantse mai shagon ya yi furfura ta dalilinsa. Yaren na da sautukan da sai ka haɗa hanci da maƙogwaro ka roƙe su su shirya kafin su fito. Kwamfuta ta ja wa kowace kalma jan layi tun daga sama har ƙasa. Kaka ya leƙa ya ce, "Ƙyale ta, ita ma Bahaushiya ce." Littattafan ba sa sayuwa, sai ya riƙa rabawa kamar dabinon suna. Wata safiya ya aike ni sayen ƙosai, Hajiya ta ƙunso mana a shafin tatsuniyarsa. Na ce yau akwai yaƙi a layin nan. Ya warware takardar, ya lashe mai daga yatsa, ya karanta shafin da ƙarfi har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhamdulillahi, ya fara shiga gidaje."

Rediyon nan da ya rasu da shi a cinya, shi ya haɗa shi da abokinsa na Jamus. Wata rana aka yi shiri a kan wasu mutane 'yan kaɗan a gabashin Jamus, Sorbiyawa, masu yarensu daban, Jamusanci ya kewaye su ta ko'ina. Aka ba da labarin wani malamin makaranta daga cikinsu, wanda ya yi ta rubuta littattafai da yarensu, yana tara waƙoƙin tsofaffi, yana tara jama'a don kada su saki harshensu. Kaka ya miƙe tsaye da rediyon a kunne. Sunan mutumin bai kama ba, don batir ya yi sanyi, kuma ya ce sunan ma kamar tari ya ji shi. Amma daga ranar ya zama "abokina na Jamus". In Umma ta ce ya huta da rubutu ya ci abinci, sai ya ce abokinsa na Jamus bai huta ba. In ruwa ya zubo ta rufin ɗakinsa, sai ya ce ko abokinsa na Jamus ya sha irin wannan. Yaya ya taɓa ce masa ai ƙila mutumin ya daɗe da mutuwa. Kaka ya ce, "To sai me? Ga shi ana zancensa a Gyadi-Gyadi."

A shirin ne ya ji cewa a garuruwansu allunan titi da yare biyu ake rubuta su. Ba a yi mako ba ya sa aka yi masa allon ƙarfe, aka ɗaure a falwayar bakin layinmu. A sama an rubuta "Barka da zuwa", a ƙasa kuma Tsirmanci da jan fenti. To a Kano in ka ga allo da jan rubutun da ba ka gane ba, ka san me ake sayarwa. Washegari aka fara sallama ana neman mai maganin basir. Har daga Daurawa wani ya zo, yana tafiya a karkace. Baba ma'aikaci ne a sakatariya, mai son a gan shi tsaf, abin ya ci masa rai. Ya sami Kaka a gindin darbejiya, ni kuma ina kusa ina wanke kwanon da na riga na wanke sau uku.

"Malam, don Allah a cire allon nan. A ofis har an fara ce mini ɗan mai magani."

"Ka karanta musu abin da ke jiki mana."

"Ai ban iya ba."

"To ciwon ke nan, ba basir ba."

Baba ya ce, "Yaren da ko barkono ba zai sayo maka a kasuwar Tarauni ba, me zan yi da shi? Mu fa nan aka haife mu."

Kaka ya dube shi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya ce, "Ranar da za ka neme shi, ba barkono za ka saya ba." Kwanaki bayan haka ba ya amsa gaisuwar Baba sai da ka. Allon kuwa yana nan har yau.

Duk Asabar yakan tafi Ƙauyen Alu, inda samarin ƙauyensu ke kama hayar ɗaki, masu adaidaita da leburorin gini. Kunyar yaren suke ji, don in sun yi shi a tasha ana ce musu 'yan dutse. Kaka yakan shimfiɗa tabarma ya koya musu karatun Hausa, don su iya karanta takardar da za su sa wa hannu. Ladansa kuwa kalma ce. Kowa sai ya kawo masa kalma ɗaya daga bakin kakarsa, in ma sai ya buga waya ƙauye. Wanda ya kawo wadda Kaka ya riga ya sani, sai ya ce, "Wannan jabu ce, koma ka canzo." In ya hangi ɗayansu a cunkoson motoci sai ya ɗaga murya ya gaishe shi da yaren, har sai yaron ya amsa ko don a bar shi ya wuce. Akwai wanda ya yi hatsari ya karye, Kaka ya kwantar da shi a soronmu har ya warke, yana yi masa tatsuniya kamar jariri. Shi ne ranar jana'iza ya hana kowa ya karɓe shi a ɗaukar makara.

A gida ne kasuwarsa ba ta ci ba. Baba ya ƙi, Yaya da ya hango littafi sai ya tuna yana da ƙwallo. Saura ni, jikarsa da yake kira Uwargida, wadda kullum yake cewa zai saka don ban iya tuƙa tuwo ba.

"Uwargida, zo ki koyi gaisuwa."

"Kaka, gaisuwar da ba wanda zan gaisar da ita? In dai da zagi, ina so."

Ya dube ni ta saman tabarau har na fara tunanin neman hanyar gudu. Sai ya ce, "Zagi? Ai mu muka ƙago zagi. Bahaushe aro ya yi, bai ma mayar ba. Jawo tabarma."

Ranar na koyi "gwaskam", ya ce mai kan tulu ke nan. Na koyi "shalam ɗik", hanci kamar murhu. Sai wanda na fi so, "pirgam nyo", ya ce ma'anarsa tafi can da ƙafarka irin ta agwagwa. Bai yarda da wasa ba a wajen furuci. In na ɗaga sauti inda ya kamata in sauke, sai ya ce, "Wannan ko kaza ba zai ɓata wa rai ba, sake." Muka ɗauki shekaru a haka, daga guntayen zagi muka koma dogaye, masu kai da ƙafa. Na zagi Yaya safe da yamma. Na zagi malamin lissafinmu a ƙasan numfashi. Na zagi akuyar maƙwabta. Shi kansa Kaka kullum sai na yi masa "pirgam nyo" kafin in fita, shi kuma ya ce amin, don kawai ya ƙular da ni.

Wata rana wani mai adaidaita ya ɗauko ni daga Daurawa, yana faɗawa kowane rami kamar an ba shi kwangilar ƙirga su. Da haƙurina ya ƙare na ce, "Gwaskam. Pirgam nyo." Ya taka birki har goshina ya gaisa da ƙarfe. Ya juyo, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ke 'yar gidan Malam ce?" Ya kawo ni har ƙofar gida, layin da ko an roƙe su ba sa shiga. Na ruga na ce, "Kaka, zaginka ya sa ƙato kuka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ai na gaya miki yana da dafi."

Babban zagin kuwa ba a gida ya koya mini ba. Muna dawowa daga wajen mai buga littafi ya tsayar da ni a kan wani kwalbati, nesa da layinmu. Ya ce yau zai ba ni uban zagi, wanda in aka yi wa mutum sai ya kwana uku bai ci abinci ba. Yana farawa da kalmar "ndil", wato shara, kuma fassararsa ita ce: ke ce sharar, kwashe kanki ki fita. Ya sa na maimaita har leɓena ya bushe, mai rake na kallonmu kamar sababbin kamu.

"Wannan ba na akuya ba ne," ya ce. "Ba a yin sa cikin gida, ba a yi wa ƙawaye. Ki ajiye shi sai ranar da wani ya tsaya a ƙofarmu ya jefe mu da kalmar nan ndil. Ranar kada ki duba furfurarsa."

Na ce, "Ko Liman ne?"

"Liman bai iya ba."

Ranar uku ta zo. An kafa manyan tukwane a kan murhun itace a tsakar gida, mata sun cika ko'ina, maza na rumfa a waje. Wajen hantsi aka ce ga mutanen ƙauye. Baba ya shigo ya tsaya a bakin soro, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi, Yaya na bayansa yana ƙoƙarin zama inuwa. Iya ta bayyana a ƙofa da dattawa biyu. Na zaci zan ga ƙatuwa, sai na ga 'yar tsohuwa wadda iska mai ƙarfi za ta iya kaiwa Wudil, riƙe da sanda, da hancin Kaka sak a fuskarta. Umma ta ce, "Sannunku da zuwa, Iya, bismillah ku shigo." Ko kallonta ba ta yi ba. Ta dogara sandar ta yi tambayar.

Ta farko ban ji ba, ina can ina jan kular shinkafa. Shirun da gidan ya yi ne ya juyo da ni. Iya ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya Hausa, Hausar da ke da ƙaya.

"Ashe gaskiya ne. Ya ƙare ƙarfinsa a kan 'ya'yan mutane, gidansa kurame. Littafi, littafi. Ga littafin nan, ya amsa mana."

Baba ya ce, "Gwaggo, a yi mana haƙuri, wallahi..."

"Ba da kai nake ba, ɗan ofis. Da gidan nake."

Ta sake tambayar, a hankali. Wannan karon na ji ta sarai, kuma kalmar farko ita ce ndil.

Jinina ya hau har hijabi. Kakana kwana uku a ƙasa, ta ce mana kurame, ta ci fuskar littattafansa, yanzu kuma ta koma kiranmu shara a gaban Hajiya mai ƙosai, wadda kafin magariba za ta kai labarin har Tarauni. Na ajiye kular. Iya ta ɗaga sanda za ta yi ta uku, ɗaya daga dattawan har ya fara juya takalminsa. Na ratsa mata na tsaya gabanta, na riƙe ƙugu, na sauke mata uban zagi tun daga kai har wutsiya, kowane sauti a mazauninsa, yadda aka koya mini a kan kwalbati.

Umma ba ta san me na ce ba, amma ta san tsayuwar rashin kunya in ta gan ta. Ta ce, "Na shiga uku," ta fara laluben muciya.

Sandar Iya ta faɗi ƙasa. Ta dube ni. Ta ɗaga ƙafa ta tsallako dokin ƙofa, ta kama fuskata da hannu biyu masu kaushi kamar dutsen niƙa, ta fashe da kuka. Dattawan suka cire takalma suka shigo. Ɗayansu ya ce wa Baba, "A ba mu ruwa."

Ni kuwa na ce a raina lallai zagin nan ya fi yadda aka ce, tunda ya sa tsohuwa ta rungumi wadda ta yi mata shi.

Sai da ta zauna ta sha ruwa ta ce, "'Yar nan, wa ya ba ki amsar?"

"Wace amsa? Zagi ne. Ke kika fara ce mana shara."

"Shara?"

"Ndil."

Ta dubi dattawan, suka dube ta. Dariyar da suka yi a gidan makoki, sai da maza suka leƙo daga rumfa. Iya ta share ido da gefen mayafi ta ce ndil wuta ce. A ƙauyensu in wutar murhunka ta mutu, gidan maƙwabci kake zuwa ka ɗebo. Abin da ta tambaya shi ne, wutar gidan nan ta mutu? Abin da na amsa mata kuwa, ina riƙe da ƙugu ina harararta, shi ne: wuta na nan da ranta, shigo ki ɗiba. Ba zan rubuta shi da Tsirmanci a nan ba, tunda ba a rubuta shi. Na tambayi Iya ko fassarar ma laifi ce, ta ce a'a, da Hausa ba ya kiran komai.

Ta ce wadda ta amsa ita ke kawo wutar. Na ɗauko kaskon turaren Umma, na ɗebo garwashi daga ƙarƙashin tukunyar sadaka na ajiye gabanta. Ta ɗora tafukanta a sama ta yi wa yayanta addu'a mai tsawo, da Larabci, da Hausa, da yarensu. Baba na tsugune a gefe, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Daga nan ta ce in zazzage mata sauran zagin da na iya. Na fara jerowa, tana fassarawa, mata na faɗuwa da dariya. "Gwaskam" sannu da aiki ne. "Shalam ɗik" na gode. Dogon zagin da nake yi wa malamin lissafi, ashe cewa nake Allah ya ƙara masa lafiya da zuriya. Akuyar maƙwabta kuwa shekaru na yi ina tambayarta yadda ta kwana da iyali. Yaya ya ce shi dama ya lura tun da na fara zaginsa al'amuransa ke buɗewa. Malamin makaranta, ɗan sahun gaba, ya zauna ya shirga mini ƙarya shekara da shekaru ko ƙifta ido bai yi ba. Iya ta ce, "Tun muna yara haka yake. Da dabara ya sa ni cin ɗaci. Ai ya gama ginin bakin, ma'ana kawai za a zuba."

Na bar ɗaya a ƙarshe, don shi ne wanda ya tsaya mini a rai tun Laraba. Na ce, "Pirgam nyo fa?"

"Wannan ai sallama ce. In mutum zai yi tafiya ake ce masa. Allah ya kai ka gida lafiya."

A nan kukan ya zo. Na yi shi har na kwana uku da ake bina, da na gaba. Iya ta ja ni jikinta tana buga bayana tana cewa wani abu da yarensu, wanda ban sani ba ko lallashi ne ko zagi na gaske.

Da aka naɗe tabarmar makoki, wata yamma Baba ya dawo daga ofis bai ko cire takalmi ba ya ce in raka shi bakin layi. Muka tsaya a gindin falwaya, ƙarƙashin allon Kaka. Ya waiga hagu da dama ya ce, "To, Malama, amsar nan da kika ba Gwaggo, faɗa in maimaita." Ya maimaita. Na ce, "Baba, wannan ko kaza ba zai shigo da ita gida ba, sake." Ya harare ni, ya sake. Muna cikin haka wani ya tsaya a babur ya tambaye mu ko nan ne gidan mai maganin basir. Baba ya ce a'a, ya nuna masa allon, ya karanta masa jan rubutun daga farko har ƙarshe, yadda muka sha jin Kaka na karanta shi. Da kuskure biyu, amma na ƙyale shi.

Iya ta ce in an yi hutu in je Tsirma a zuba mini ma'anar. Zan je, kuma ba zan dawo ba sai da zagi na gaskiya ko guda ɗaya ne, don haƙƙina ne. Kafin nan na buɗe aji a gindin darbejiya. Ɗalibina ɗaya, autanmu, wanda ya ce shi ba ruwansa da yaren ƙauye. Na ce masa ba yare zan koya masa ba. Jiya ya dawo daga makaranta yana cika baki wai ya ce wa hedimasta gwaskam a gaban kowa, kuma ba a gane ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa kurakuransa har da ƙaryar da ya yi mini, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce masaukinsa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni dai tawa na riga na yi masa tun safiyar Laraba, a bakin ƙofa, da jakar makaranta a kafaɗa, kuma da kunnena na ji ya ce amin.